Tsagar Dutsen Bayan Kicin

Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe shida da rabi na yamma

Baudilio bai dawo ba. Na rufe masa wakensa da faranti na ajiye a gefen murhu. Shekara ashirin da biyu ina auren mutumin nan, ban taɓa ganin ranar da ya ce ƙarfe huɗu ya zo ƙarfe huɗu ba, don haka ban damu ba. Haushi kawai nake ji.

Da asuba ya tafi Tafkin Danta, tafiyar awa uku arewa, canza katunan kyamarorin da muke ɗaure wa bishiyoyi don ɗaukar hoton damisa. Na ce masa baƙuwarmu tana jira a kai ta kallon jan aku da la'asar, kada ya tsaya hira da birrai yadda ya saba. Ya ce, "Fide, bakin nan naki yana hutawa kuwa, ko ranar Lahadi?" Na ce in ya wuce ƙarfe huɗu ya nemi mai ba shi abinci a dawa. Ya yi dariya, ya rataya addarsa ya tafi.

Ruwan farko ya sauko ƙarfe biyu, kamar da bakin ƙwarya. Tanti na uku ya yi yoyo, ni kaɗai na ja katifa ina zaginsa. Allah ya so sauran baƙin zangon yawon buɗe ido da muke kula da shi sun tafi jiya. Doña Marit kaɗai ta rage, tsohuwa 'yar ƙasar Norway da ke yawo da na'ura tana naɗar kukan tsuntsaye.

Surukina Baba Nicanor yana bakin rumfa yana wasa adda. Ya ce ɗansa ya fake ne a ƙarƙashin wani dutse, gobe zai shigo yana neman kofi.

Talata, 28 ga Mayu, tsakar rana

Bai zo ba. Waken ya yi tsami, na zuba wa kaji.

Na kira gari ta oba-oba. Eulogio ne ya ɗauka, aminin Baudilio, wanda ya riƙe mana 'yarmu Oralia ranar baftisma. Ya ce, "Haba Maman Oralia, Baudilio ne zai ɓata a dajin nan? Ko idonsa aka ɗaure zai kawo kansa gida." Na ce to, ba a ɗaure idon ba, kuma bai kawo kan nasa ba. Sai ya daina dariya. Ya ce ruwan jiya ya cinye hanya, mota ba za ta ƙetare fadama ba sai alfadarai. Za su taso shi da mutum biyar.

Baba ya je gindin babban rimi ya dinga buga faffaɗar saiwarsa da bayan gatari, uku-uku, yana tsayawa yana saurare. Haka masu tsaga bishiya don ɗiban ƙaro suke kiran wanda ya ɓata. Shekararsa saba'in da shida, ya buga har tafin hannunsa ya fashe. Babu amsa.

Na ce kada a gaya wa Oralia tukuna, tana jarrabawa a birnin Flores.

Laraba, 29 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Na tashi huɗu da rabi niƙa masara kamar kullum. A lokacin nan daji tsit yake, ƙwari sun gaji, birrai ba su fara ruri ba. Na zagaya bayan kicin ɗauko ƙwai a tsagar dutse. Tsagar ba ta fi shigar hannu ba, iska mai sanyi ke hurowa daga cikinta dare da rana, shi ya sa nake ajiye ƙwai da cuku a bakinta. Ita ce firjina shekara tara.

Ƙwai huɗu sun fashe. Daga hannuna suka faɗi.

Akwai abin da ba zan rubuta ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Su Eulogio sun iso da hantsi, laka har ƙugu. Ko zama ba su yi ba, suka sha kofi a tsaye, suka juya rigunansu ciki waje kamar yadda ake yi in za a nemi mutum, suka wuce tafki.

Eulogio kaɗai ya dawo yanzu da katin kyamara guda. Marit ta sa a tata kyamarar muka leƙa. Ga shi nan, Litinin ƙarfe sha ɗaya da minti goma, ya kawo fuskarsa dab yana fito da harshe. Mutum mai shekara arba'in da bakwai! Na yi dariya, sai dariyar ta juye, na shige kicin.

Hoto na biyu bayansa ne, ya nufi gabas. Eulogio ya ce gabas da tafkin duk ramuka ne, farin dutsen wajen ya ruɓe, a can za su nema. Sun kafa tanti biyu a bakin tafkin. Shi zai dinga zuwa duk bayan kwana biyu ɗaukar wake da tortiya, wainar masararmu.

Marit ta ce ta yi baƙin ciki, dominta ya yi sauri. Na ce ba laifinta ba ne. Ba ita ta ce ƙarfe huɗu ba.

Alhamis, 30 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Yau ma. Zan rubuta, in ban gaya wa takarda ba kaina zai fashe.

Muryarsa ce. Daga cikin tsagar take fitowa, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a cikin tulu. "Fide." Sai shiru. "Fide." Na ruga da gudu har na yi tuntuɓe da turmi.

Na samu Baba yana ɗaure hannunsa da tsumma, na durƙusa na gaya masa. Ya damƙe wuyan hannuna, ban san tsohon nan yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Kin amsa?"

"A'a, Baba."

"Ko gyaran murya? Ko na'am a ƙasan maƙoshi?"

"Ban amsa ba."

Ya sake ni ya yi alamar gicciye. Ya ce, "'Yar nan, yi tunani. Tsagar da ɓera ma sai ya matse, ta ina mutum zai shiga? Da idonki kika gan shi a tafki, tafiyar awa uku. Me zai kawo shi ƙarƙashin kicin ɗinki? Mai Dawa ne, aljanin dajin nan. In ya riƙe mutum sai ya ari muryarsa ya zo ya ja na gida."

Na san labarin, amma ya sake ba ni shi tiryan-tiryan. Shekarar da ƙanen matar Baba ya ɓata a zangon ƙaro, Baudilio yana ɗan shekara huɗu. Matar tasa, Candelaria, ta ce tana jin ƙanenta yana kiranta da asuba. Kwana uku Baba yana hana ta. Rana ta huɗu ya tafi aiki, ta amsa, ta bi muryar. An ga takalminta guda a bakin wani rami. Ƙanen kuma ya fito da ƙafarsa bayan mako guda daga kudu, ya ce shi bai taɓa kiran kowa ba.

Baba ya ce, "Kada ki amsa, kada ki tsaya saurare, kada ki gaya wa mazan nan. In suka bar tafki suka zo suna haƙa bayan kicin, shi ke nan mun bar yaron nan ya mutu a can."

Shi kansa Baudilio haka ya koya mini tun ina amarya. In kin ji sunanki a dawa ba ki ga mai kira ba, ki ciji harshenki. Na kwashe ƙwai da cukun na kawo cikin kicin.

Juma'a, 31 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa tun jiya. Tantuna duk sun fara warin raɓa, gadajen sun yi fumfuna. Ba rana, faranti mai zuƙo hasken rana bai kawo komai ba, ɗan man da ya rage a janareta kuwa na oba-oba ne. Marit ta ba maza duk baturanta su sa a tocila. Na'urarta da ta rataya a bishiyar bayan kicin ranar Talata ta mutu, ta sauko da ita ta ajiye.

Eulogio ya zo ɗaukar abinci. Sun shiga ramuka goma sha ɗaya da igiya. Ƙashin barewa, jemagu, tsoffin tukwanen mutanen da. Ina ɗaure masa tortiya a ganye na ce, kamar hira, wai ƙarƙashin zangon nan akwai kogo?

Ya ce, "Maman Oralia, ƙasar nan duka kogo ce, a kan rufi muke tafiya. Me ya sa?"

Baba yana bakin ƙofa. Kallona kawai ya yi. Na ce babu, ina tsoron kada kicin ya rufta da ni ne. Eulogio ya ce in kicin ya rufta da ni, Mai Dawa da kansa zai dawo da ni kafin azahar saboda surutu. Ya yi ne don in yi dariya. Na yi masa.

Asabar, 1 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Na toshe kunne da auduga. Na juya injin niƙa da ƙarfi, ina rera waƙar Maryamu da muke yi a coci. Na niƙa masarar da za ta ishi mutum ashirin.

Duk da haka, in hannuna ya tsaya, ana ji.

Ban amsa ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Marit ta shigo kicin ta ce a ba ta aiki, zaman tanti zai haukata ta. Na ba ta tsintar wake. Ta tsinci mai kyau ta zubar, ta bar mini tsakuwa, Allah sarki. Da ɗan guntun yarenmu da ta iya ta gaya mini mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, a kan kujera, yana karanta jarida. Ta ce har yau tana jin kamar yana kiranta daga ɗaki.

Na ce, "Kina amsawa?"

Ta ce, "Kullum."

Su a ƙasarsu ba daji irin namu. Ta tambaye ni me ya sa cuku ya lalace, ba a tsagar dutse nake ajiyewa ba? Na ce tururuwa.

Lahadi, 2 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Yau muryar ta yi ƙasa sosai. Ban sa auduga ba. Na tsaya riƙe da hannun injin, ban juya ba, ban je ba.

Abin da ke cina shi ne wannan. In aljan ne, me zai gajiyar da shi? Aljan yana jin yunwa ne? Na tambayi Baba da gari ya waye. Idonsa jawur, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata guda. Ya ce, "Haka ya yi wa Candelaria. Rana ta huɗu da kyar take jin sa, shi ya sa ta kasa daurewa." Ya ce in ƙara haƙuri, in tuna da Oralia, kada a wayi gari ba uba ba uwa.

Na kunna kyandir. Na yi addu'a ban san me nake roƙo ba, ya yi shiru ne ko ya ci gaba.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Eulogio. Ramuka goma sha tara. Biyu daga cikin mazan zazzaɓi ya kama su. An gaya wa Oralia, ta yi kuka a oba-oba ta ce za ta taho, na ce ta ina, ta sama?

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Na amsa.

Na tashi huɗu, ban hura wuta ba. Na ce in Mai Dawa ne ya ɗauke ni, na gaji. Na je na durƙusa, na sa bakina a tsagar, iskar tana bugun haƙorana, na ce, "Baudilio, ga ni. Na'am. Ga ni." Na kira shi da sunan da nake kiransa in muna mu biyu. Na ba shi haƙuri a kan maganar ƙarfe huɗu. Na yi ta kira har birrai suka fara, har muryata ta dushe.

Iska kawai.

Ba abin da ya ja ni. Ƙasa ba ta buɗe ba. Ina nan zaune ina rubutu da ƙafafuna biyu, kuma tsoron da nake ji yanzu ya fi na duk kwanakin nan.

Talata, 4 ga Yuni, asuba

Shiru.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Mazan sun dawo duka, sun naɗe tantunan tafki. Ba wanda ya ce an daina nema. Suna cewa a huta kwana guda. Na dafa musu kaza biyu, suka ci ba mai kallon idona. Na buɗe baki sau uku zan yi wa Eulogio magana, sau uku na tambaye shi ko a ƙara miya.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe takwas na yamma

Rana ta fito yau. Na shanya katifu a kan igiyoyin tanti. Marit ta samu wuta, ta zauna a rumfa da abin kunnenta tana sauraren abin da na'urarta ta naɗa kafin ta mutu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na gan ta tsaye a ƙofar kicin, fuskarta ta yi fari fat. Ta kira Eulogio. Ta ce ita shekara talatin tana wannan aiki, ta san kukan tsuntsu ɗari shida, wannan ba tsuntsu ba ne. Ta sa masa abin a kunne. Na ga gashin hannunsa ya miƙe.

Ta sa mini. Ban buƙata ba, amma na bari. Ƙarar injin niƙana, takuna, sai shi. Sunana sau biyu. Sai ƙarar ƙwai a ƙasa da gudun ƙafa. Bayan na gudu ya ci gaba, ba a ji sosai, kalma ɗaya ce ta fito fes. Igiya.

Eulogio ya ce, "Yaushe ne wannan?"

Marit ta ce Larabar da ta wuce, huɗu da minti arba'in.

Ya juyo gare ni. "Maman Oralia, ba ki ji komai ba?"

Na ce ina niƙa.

Shi ma ya ji ƙwan nan sun faɗi, ya ji gudun. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya kawar da kai. Ya je ya sa hannu a tsagar ya ce iskar nan dole tana da inda take shiga. Baba ya fara cewa Mai Dawa, Eulogio ya daka masa tsawa, shi da bai taɓa ɗaga wa tsohon nan murya ba. Ya ce, "Baba, aljan yana shiga na'ura ne? Aljan yana neman igiya?"

Suka bazu a kan tudun da ke bayanmu. Akwai tsohuwar hanyar alfadarai da ta yanko daga gabashin tafki ta hau tudun ta sauko zango, tana rage awa guda. An bar bin ta tun kafin a haifi Oralia, saboda dutsen wajen ya ruɓe. Ba wanda ya tuna da ita. Mai sauri ne kaɗai zai bi ta.

Ƙarfe uku na ji gatari a kan saiwa, uku-uku, kusa ƙwarai. Kusa da wani rimi da ya faɗi ƙasa ta rufta, addarsa tana bakin ramin. Daga kicin ɗina zuwa wajen tafiyar minti ashirin ce.

Sun leƙa da tocila. Sun ce sai gobe za a fito da shi, igiyar da ke hannunsu ba ta kai ba. Ba su ce mini in kawo ruwa ko bargo ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, la'asar

Zurfin tsayin mutum takwas. Ƙafarsa ta dama ta karye a cinya, ya ɗaure ta da bel da guntun reshe. Ya ja jikinsa ya shiga can ciki, inda kogon ya tsuke, ya kwanta ƙarƙashin wata tsaga. Gorarsa tana tsaye a inda ruwa ke ɗiga, cike fal. Katunan kyamarar suna cikin leda a aljihunsa, ko ɗaya bai jiƙe ba.

Eulogio ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, "Bai wuce Larabar da aka naɗi muryarsa ba. Ko da kin ji, da ba mu kai ba. Kin ji ni? Bai wuce Laraba ba."

Ni ce nake yi wa gawa wanka a unguwarmu tun rasuwar gwaggona. Na san gawar kwana takwas, na san ta kwana uku. Na wanke masa fuska, na aske masa gemu. Gemun ya yi tsawon mako guda.

Na ce wa Eulogio na gode.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma, a gari

An binne shi da hantsi. Mutane sun cika gida. Kowa yana cewa Allah ya sa bai daɗe yana wahala ba.

Oralia ta riƙe ni a bayan coci ta ce, "Mama, gaya mini gaskiya, ya sha wuya?" Na ce bai wuce Laraba ba. Maganar ta fito sumul kamar tawa.

Marit ta samu mota. Ta rungume ni ta ce ta goge naɗin, ba wanda zai sake ji. Ban san ko in gode mata ba.

Baba bai tsaya cin abinci ba. Daga maƙabarta ya ɗauki hularsa ya kama hanyar zango da ƙafa.

Talata, 11 ga Yuni, safiya

Mata suna zuwa addu'a kullum da yamma. Ina dafa kofi, ina rabawa, ina amsa amin.

Huɗu da rabi idona ke buɗewa. Nan gari zakaru ne kawai.

Alhamis, 13 ga Yuni, tsakar rana

Ina jin haushin tsohon nan har cikin ƙashina. Shi ya riƙe mini hannu, shi ya ce kada in faɗa. Shi bai ji komai ba, kunnuwansa sun tsufa, maganata kawai ya ɗauka ya yanke hukunci, ya bar ni da ita ni kaɗai. Sai in tuna bakin nawa ne, ba a ɗinke shi ba. Duk dajin nan an san Fidelina da surutu. Kwana biyar na rasa kalma ɗaya.

Mai zangon ya aiko a je a naɗe tantuna, an rufe sai bayan damina. Na ce ni zan je.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma, a zango

Na naɗe huɗu, saura biyu. Kunama ta yi gida a na biyar. Baba yana nan, bai hura wuta ba tun da ya dawo, busasshiyar tortiya yake jiƙawa. Na dafa na ajiye masa. Ban gaishe shi ba, shi ma bai ɗago ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na tashi a lokacin da na saba. Na zagaya bayan kicin, sai na tarar da shi zaune a kan dutse kusa da tsagar, hularsa a kan gwiwa. Na ce, "Me kake jira a nan, Baba? Yanzu ka zo saurare?" Na faɗa ne don ya ji ciwo.

Ya ce, "Nan nake zama. Tun ranar Juma'ar nan, washegarin da kika gaya mini, kullum. Ta bayan tantuna nake zagayowa don kada ki gan ni."

Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Na san ba shi ba ne. Haka na sa a raina. Amma muryar tasa ce, 'yar nan, na ce ko ta aro ce bari in ji."

Na ce, "Me yake cewa?"

"Kwatance yake yi. Tsohuwar hanyar alfadarai, rimin da ya faɗi, a kawo doguwar igiya, a yi hankali da bakin ramin ta yamma. Dalla-dalla, yana maimaitawa. Ni kuwa ina zaune ina cewa, ka ga makirin, har hanya yake zana mini."

Na so in tashi in shaƙe shi. Na dubi hannayensa, tsumman nan yana ɗaure har yanzu, ya yi baƙi. Ban iya ba.

Baba ya juya hularsa a kan gwiwa. Sai ya ce, "Ranar Lahadi bai ƙara maganar igiya ba. Tari ya kufce mini, na toshe baki da hula, amma ya riga ya fita. Sai na ji ya ce, Baba, kai ne ko? Ban motsa ba. Ya ce, na san kai ne, na san abin da ya hana ka. Ba komai. Zauna dai, kada ka tafi, wajen nan akwai duhu."

Na ce, "Sai ka yi me?"

Ya ce, "Sai na zauna. Har rana ta fito ina zaune."